Mu Nawa Ne a Ɗakin?

Sai ta gama murza man shanu a yatsunta goma, ta goge da tsumma, sannan Rauda take buɗe murfin piyano. Kullum da hantsi haka take yi. Ta ce man yana sassauta gaɓoɓi. Mu maƙwabtanta a Kankiya muka ce shi ya sa kiɗan nata yake ƙamshin tuwo.

A Ƙofa aka haife ta, cikin ƙasar Kusada, kuma ranar suna Harisu aka raɗa. Da wannan sunan ta tafi Legas wurin kawunta, soja mai busa a badujala. A can ta fara taɓa piyano, ta gwanance har ta riƙa zama ita kaɗai a kan dandamali, ɗaruruwan mutane sun yi tsit suna saurare, ba mai rawa, ba mai guɗa. Da labarin ya iso mana sai tausayinta ya kama mu. Wane irin kiɗa ne za a yi ta zura wa mai shi ido kamar ana wa'azi?

Bayan shekara talatin ta dawo da gyale, da sunan Rauda, da piyano a bayan motar shanu da ta sauke kaya a kudu. Sai da aka cire ƙyaure ya shiga. Matan unguwa suka sa masa suna tebur mai haƙora.

Akwai waɗanda suka daina gaishe ta, har yau. Amma masu kaɗa kibod a gidajen biki suna zuwa ɗaukar darasi, tana yi musu tsiya cewa hannunsu na hagu rakiya kawai ya zo.

Ita Hausa ba ta barin mutum ya laɓe: ko ka ce kai, ko ka ce ke. Ni kaina, da na tsufa ina auna kalmomi, sai da na yi shekara biyu ina tuntuɓe. Yayarta Halimatu Sa'adiya, wadda ta goya ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta samo hanyar zillewa. Duk Laraba tana zuwa daga Kusada da dawon fura a ƙwarya, ta tsaya bakin ƙofa ta ce, “Kun tashi lafiya?” kamar tana gaida surukanta.

Rauda takan waiga dama, ta waiga hagu, ta leƙa ƙarƙashin piyano. “Yaya, mu nawa ne a ɗakin?”

Dariya ake yi. Amma ta taɓa gaya mini cewa duk tafin da aka yi mata a Legas za ta bayar, in dai Yaya za ta ce mata ke sau ɗaya kafin ɗayarsu ta rigayi ɗaya gidan gaskiya. Shekara tara tana jira.

Wata Laraba ina zaune a tabarma, Rauda ta ɗora wake a murhu ta dawo ta kama wani kiɗa mai tafiya a hankali, irin saukar yayyafi a kan kwano. Ta lumshe ido, ta manta da duniya. Halimatu ta shigo tsakar gida, hayaƙi ya tare ta. Ko sallama ba ta yi ba.

“Ke! Tukunyarki na ƙonewa kina nan kina danne-danne.”

Yatsun Rauda suka tsaya cak a sama. Ta ce kunnenta ya fara nauyi, ta roƙi Yaya ta maimaita.

Halimatu ta ajiye ƙwarya, ta daɗe tana gyara faifan rufinta da ba abin da ya same shi.

“Kin ji ni sarai. Tun kina goye ba ki da hankali.”

Rauda ta rufe murfin piyano a hankali. Ta ce hayaƙi ne ya shiga idonta, ko da yake bai iso ɗakin ba tukuna. Ta gyara gyale, ta zura silifa ɗaya nata ɗaya nawa, ta fita wajen wakenta.