Tagar da Sannu-Sannu Bai Leƙa Ba

Sannu-Sannu ake ce masa, domin tun yana saurayi ba ya gudu da mota, ko da fasinja za su cika ta da tsaki. Aiki ɗaya ya yi har ya tsufa: ya kwashi masu yawon buɗe ido da 'yan makaranta a doguwar bas, ya kai su tsohon garin nan na kan tudu, mai ganuwar dutse da dogon bene a tsakiyarsa. In sun sauka sun shige ƙofar gari, sai ya juya motar zuwa filin ajiye motoci, ya buɗe wa inji ya sha iska, ya shimfiɗa kwali a inuwa ya kwanta. Dokar kamfani ce direba ba ya barin mota da jakunkunan mutane a ciki, shi kuwa bai taɓa karya ta ba.

Shi ya sa garin da ya fi kowa zuwa, bai san cikinsa ba. Abin da ya sani a bakin fasinja ya tsinta. Kusan kowace tafiya sai an sami mai dawowa yana haki yana cewa, "Direba, mun hango ka ta tagar benen can! Motarka kamar gidan ashana, kai kuma a shimfiɗe kamar ƙadangare."

Yakan yi dariya ya ce, "Ni ma wata rana zan hau in gani."

Ranar ba ta zo ba sai da ciwon suga ya ci ƙafarsa ta dama aka yanke ta daga gwiwa, ta hagun kuma ta kumbura ta daina ɗaukarsa. Matarsa ta riga ta rasu. Ya koma hannun autarsa, tela ce, 'yar firit, wadda keken ɗinki ma sai an kama mata take matsar da shi. Ita ya dama da maganar tagar nan, safe da yamma, har ta gaji ta je ta sami Gajere, tsohon abokin aikinsa da har yanzu yake jan bas a hanyar.

"Kawo shi," in ji Gajere. "Amma ki faɗa masa ni ba a koya mini tuƙi."

Bai koya masa ba. Sai dai duk kwanar da suka sha, Auta tana ganin guntun ƙafar babanta yana motsi a cikin wando, yana neman birki.

A ƙofar gari aka fara. An kafa turakun ƙarfe don hana babura shiga, tsakaninsu daidai mutum ɗaya mai ƙafa biyu. Keken guragun da Auta ke tura shi a kai ya cije. Auta ta ja baya ta sake turawa, ya sake cijewa.

"Malam, a buɗe mana babbar ƙofar mana," ta ce da mai gadi.

"Makullin yana hannun shugabanmu, 'yar'uwa."

"Yana ina?"

"Yau bai shigo ba."

"To masu irin lalurar Baba ta ina suke shiga?"

Mai gadi ya sosa ƙeya. "Gaskiya ba su cika zuwa ba."

Gajere da mai gadin suka ciccibe shi, ɗaya a hammata ɗaya a ƙugu, Auta ta naɗe keken ta tsallakar. Wandonsa ya zame, ya kama shi da hannu ɗaya, mutane suka kau da kai.

"Kai, Sannu-Sannu, an rage ka ma haka kake da nauyi?" Gajere ya ce yana nishi.

"Rufe mini baki, ɗan tsurut. Ajiye ni a hankali, ba buhu ka ɗauko ba."

Gajere ya ajiye shi, ya koma wajen motarsa da sauri, domin dokar nan tana nan ba ta canja ba.

Titin cikin garin da duwatsu aka shimfiɗa shi, masu santsi, ƙafafun mutanen da suka shuɗe sun goge su. Baƙi suna durƙusawa suna ɗaukar su hoto. Shi kuwa kowane dutse sai ya ji shi a bakin dungulmin, kamar ana buga masa guduma. Hanyar ta yi ta hawa. Takalmin Auta yana zamewa, ƙaramar tayar gaba tana faɗawa tsakanin duwatsu, sai ta zagayo ta ɗaga, ta koma ta tura. Yana jin numfashinta a ƙeyarsa. Akwai ƙofofi masu sassaƙa a hagu da dama, da wata tsohuwar rijiya da fasinja suka sha ba shi labarinta, amma bai kalle su ba. Idonsa yana ƙasa, yana zaɓar mata inda za ta sa taya.

"Dama kaɗan. Kauce wa wancan. Yauwa."

"Baba, ka bar tuƙin nan haka."

Da suka isa gindin benen, sai ya ga matakalar. Ba wanda ya taɓa faɗa masa yadda take, domin mai ƙafa ba ya lura. Murɗaɗɗiya ce, matsattsiya, faɗinta kafaɗar mutum guda. Ko an sami ƙarti huɗu ba inda za su tsaya su ɗauke shi.

Matar da ke tsaron ƙofar ta ce, "Baba, ga hotuna nan a bango, duk abin da ke sama yana ciki."

"Na gode, 'yata. Hoto ina da shi a gida."

Ya ce Auta ta sauke shi ƙasa. Ta ƙi, ya daka mata tsawa, ta sauke shi. Ya zauna a matakin farko ya ba sama baya, ya dafa hannu biyu ya ja jikinsa zuwa na gaba. Hannuwan da suka yi shekaru suna murɗa sitiyari ba su ba shi kunya ba da farko. Ya hau, ya huta, ya sake hawa, har ya sha kwanar farko hasken ƙofa ya ɓace. A nan ya kasa gaba. Daga sama masu saukowa suka taru a bayansa, daga ƙasa masu hawa suka yi layi. Ba wanda ya yi masa tsawa. Da sun yi ma da ya fi masa sauƙi. Tsayawa suka yi suna jira, wata tana ta cewa, "Sannu Baba, sannu Baba."

"Saura nawa?" ya tambayi wani mai saukowa.

Mutumin ya dubi Auta kafin ya amsa. "Baba, ai ba ka fara ba."

Auta ta nuna masa bandejin dungulmin. Ya jiƙe ya yi ja.

Saukowar ta fi hawan wuya, komawa ta kan duwatsun kuma ta fi duka, don yanzu keken ne yake jan Auta. Aka sake ciccibar shi a turakun ƙarfe. Rana ba ta karkata ba ya sami kansa a filin ajiye motoci, a inuwar bas.

Gajere ya dube shi, ya dubi bandejin, bai yi tsiya ba. Ya yi ta jujjuya makulli a yatsa, can ya ce, "Tunda kana nan, ko za ka duba mini motar? Ni ma fa ban taɓa shiga ba."

Sannu-Sannu ya miƙa hannu ya karɓi makullin. "Je ka tun kana da ƙafa. Auta, bi shi. Ki hau har sama."

"Baba, in bar ka kai kaɗai?"

"A nan? Ai nan ne gidana."

Da suka tafi, ya ɗaga kai yana neman tagar. Sugan ya taɓa idon ma, benen kawai yake gani dishi-dishi. Ko Auta ta ɗaga masa hannu, bai sani ba.

Da ta dawo ta miƙa masa wayarta. Ya kai ta kusa da hanci. Ga filin, ga bas kamar gidan ashana, ga wani ɗigo baƙi a gefenta.

"Wannan fa?"

"Kai ne, Baba."

Ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar mata. "Kira Gajere ya zo ku ɗora ni. Kuma ki ce masa tayar baya ta hagu tana son iska."