Tambayi Ta Bayanta

Shekarar da na dawo ƙauye daga karatun kwamfuta a Kano, ƙaramin asibitinmu ya samu gidajen sauro da za a raba wa masu yara kafin damina. Ma'aikaciyar asibitin, baƙuwa ce a garin, ta ce in rubuta mata ɗan tsari a kwamfutarta. Abu mai sauƙi na yi: akwati ɗaya, a rubuta yawan yaran mace. In sun kai ɗaya, allo ya ce a ba ta. In sifili ne, ya ce a'a.

Ranar rabo sai ga matan da kowa ya san suna da yara suna komawa gida hannu Rabbana. Kafin la'asar magana ta zagaye gari, wai na saita na'urar ta riƙa zaɓen danginmu. Ni? Wallahi raina ya ɓaci.

Na bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya. Na rubuta uku, ya ce a ba ta. Na rubuta sifili, ya ce a'a. Lafiya lau. Sai zargina ya koma kan ma'aikaciyar. Anya ba da gangan take danna sifili ba, ta kwashi ragowar ta kai kasuwar Ɗambatta? Har jakarta na riƙa kallo da gefen ido. Washegari na jawo kujera na kafe a bayanta, wai ina duba caji.

Can sai ga matar maƙwabcinmu. Bara na ci naman sunan ɗanta, yanzu haka yana gida wajen kakarsa, goshinsa duk cizon sauro.

"Yaranki nawa?" in ji ma'aikaciyar.

Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi. "Babu."

Na dafe kai. Ɗan fari ne! Wace mace ce a garinmu za ta buɗe baki cikin taro ta ce ɗan fari nata ne? Ko sunansa ba ta faɗa.

Nan take na ƙara sharaɗi: in an rubuta sifili, allo ya ce "Tambayi ta bayanta." Ma'aikaciyar ta leƙa layi ta tambaya.

"Ƙarya take, Hajiya, namiji gare ta!" in ji wata tsohuwa.

Layi ya kwashe da dariya. Matar ta karɓi gidan sauron ta cusa cikin mayafi, ta ce ƙasa-ƙasa, "To, zan kai musu."