Dattijon da Rokarsa Ta Faɗo Babu Laima

A hamadar Nebada ta Amurka, inda masu sha'awar harba roka ke taruwa, Darlene na kallon wani dattijo da ba ta sani ba. Dogo ne, rana ta gasa masa ƙeya jawur, yatsu uku suka rage a hannunsa na dama. Tana zaton albarushi ne ya taɓa tashi da shi.

Rokarsa ce ta faɗo yanzun nan, laimar da za ta sauko da ita a hankali ba ta buɗe ba, ta fasa gilashin wata mota, ta soke kujerar direba. Mai motar na ihu: "Kai, tsohon banza, da ina ciki fa?"

Dattijon ko kallonsa ba ya yi. Yana fizgo na'urar auna tsayi daga tarkacen. Wutarta ba ta isa ta kunna ashanar lantarkin da ke buɗe laima ba. Ya aza ta a kan dutse, yana kirɓa mata guduma, ɓaraguzai na yankar masa fuska.

"Baba, ba laifinta ba ne," in ji Darlene. "Kai ka haɗa mata ashanar da ta fi ƙarfinta."

"Na sani, 'yata," ya ce. Ya sake ɗaga gudumar.