Gawon Gonarmu da Tarakta Marar Direba

Rijiyar Zaki, 5:40

Muna idar da sallar asuba muka ɗora 'yar taraktar Hadiza a bayan a-kori-kura. Hadiza 'yata ce, injiniyanci take karantawa, wannan kuwa shi ne aikinta na gama jami'a: tarakta mai tuƙa kanta, ba ruwanta da tauraron ɗan'adam. In ta ƙi tafiya yau a gaban malaminta, sai maimaita shekara. Ni da na shekara talatin ina jan tirela, gaskiya kishin abar nake ji.

Shingen hanya, 6:15

Jami'i ya leƙa baya. "Alhaji, ina sitiyarin wannan?"

"Babu, yallaɓai. Direbanta yana cikin kwamfuta."

Ya tuntsire da dariya, ya buɗe mana hanya.

Tofa, 7:00

Wajen kilomita ashirin ke nan. Na sha shayi da ƙosai mai zafi, Hadiza ko loma ɗaya ta kasa.

"Baba, da kyamara take gane bishiyoyin gonarmu," in ji ta. "Kafin ka ƙifta ido ta sake lissafi: ina take, ina layi, yaya za ta karkata."

Na ce, "Ai abin da nake yi ke nan, ba wanda ya ba ni digiri."

Gona, 9:00

Malamin Hadiza ya iso, aka kunna taraktar. Ta yi taku ashirin lafiya lau, tana zuwa wajen gawo ta cije.

"Wai ba ta san bishiyar nan ba," in ji Hadiza, idonta ya cika da ƙwalla.

Na ɗaga kai, sai ga gawo tsirara, ko ganye ɗaya babu.

"Yaushe kika nuna mata shi?"

"Da rani."

"Kai, 'yar birni! Gawo da rani yake ganye, damina na sauka ya kaɗe. Ce mata ta bar kallon sama, gindi za ta duba."

Malam ya ba ta minti goma. Ta duƙa kan kwamfuta, ta gyara. Tarakta ta kewaye gawo, ta ja layi miƙe sambal har iyakar gona. Da girmana na yi tsalle, hula ta faɗi.

Gida, 4:30

Mun iso lafiya, alhamdu lillahi. Godiya ga direban a-kori-kurar da ya kai mu, da marigayi mahaifina da ya hana a sare gawon nan. Tun daga zaure Hadiza ta ƙwalla wa mahaifiyarta kira: "Inna, na ci! Amma fa Baba ne ya tuƙa."