Kujerar da babu kowa a kai

Ni aka cire daga makaranta a aji biyu, aka bar ƙanwata ta ci gaba. Ban yafe ba har yau. Amma abin da idona ya gani ba zan ɓoye ba.

Ina da shagon kwamfuta a Hayin Banki, ina yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. A shekarar nan babbar kwamfutar ta kama wata cuta: da safe garau, kafin la'asar ta sandare, ta ce ƙwaƙwalwarta ta cika. Sai ɗalibai su tsallaka shagon maƙwabcina. Lokacin rajista kuwa shi ne abincina na shekara. Na sa mata fanka. Na hure ta. Ƙarshe duk lokacin sallah sai in kashe ta, in na dawo in kunna.

Ƙanwata ta zo daga Malali gaishe da Inna, ta biyo ta shago. Rubuta manhaja ne aikinta.

"Yaya, kar ka kashe ta yau."

"Ke za ki ciyar da 'ya'yana?"

"Kullum kana kashe ta kafin ta faɗi inda ke mata ciwo. Bar ta ta yi ciwon."

Na bari, ina kallon mutane suna fita. Ita ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ƙura wa wata lamba a fuskar kwamfutar ido, lambar tana hawa ba ta sauka. Ban taɓa ganin haƙuri irin wannan ba.

Can ta ce, "Na kama shi. Ka san ɗan kamasho a tashar Kawo? Uwar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar tana raba ƙwaƙwalwa shafi-shafi, kamar kujerun mota. Mai shiga a ƙirga shi, mai sauka a cire shi. To akwai wata ƙofa da in an sauka ta nan ba a cirewa. Sai ta ce mota ta cika, alhali kujeru fayau."

"Yinin nan duka a kan wannan?"

"Layi ɗaya ne, Yaya."

Ta ƙara layin umarnin da babu a ciki, ta sake haɗa manhajar, sannan ta tura gyaran ga masu kula da ita a ƙasashen waje, ta ce ciwon ba ni kaɗai yake kamawa ba. Wani can ya yi mata gardama, ta ba shi hujja, ya karɓa.

Ban iya cewa na gode ba, lemo na sayo mata. Har aka rufe rajista kwamfutar ba ta sake tsayawa ba, sai da na aro benci daga mai shayi saboda layi.