Ranar Da Ajinmu Ya Ƙi Karɓar Kula

Assalamu alaikum. Na san na ɓace muku tun bayan hutun sallah. Masu turo saƙo suna tambayar ko waya aka ƙwace, ku yi haƙuri, ba waya ba ce. Ni ce na kusa tafiya.

Sunana Nafisa, daga Sukuntuni, ina SS2B a makarantar kwana ta 'yan mata a nan Kankia. Duk wanda ya san makarantarmu ya san B. Mu ne masu surutu, mu ne masu taurin kai, mu ake sa wa yankan ciyawa. Amma kuma mu ke cin fareti duk shekara, kuma ni ce mai ba da umarni a gaba.

Da ciwon kai ya fara, sai zazzaɓi mai zuwa da yamma. A kilinik ɗin makaranta aka ba ni maganin maleriya. Na sha, na koma atisaye, don ba zan yarda 'yan A su ga B ba kwamanda ba.

Zazzaɓin bai sauka ba. Abinci ya daina shiga. Wata Juma'a ina tsakar cewa "hagu, dama" cikina ya murɗa, na durƙusa. Kafin la'asar ya kumbura ya yi tauri kamar ƙwarya.

Matron ta kai ni babban asibiti, aka kira Babanmu. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki, aka zura mini roba ta hanci. Wannan robar har yau idan na tuna ta sai na ji amai.

Likita ya ce wa Baba: "Taifot ne ya huda mata hanji. Sai an yi aiki. Amma jininta ya yi ƙasa ƙwarai, kuma irin nata, O negatif, ba mu da shi."

Baba ya sayar da raguna biyu saboda kuɗin aiki da magani, wannan bai dame shi ba. Jinin ne ya gagara. An gwada shi, an gwada Yaya Sani da kawunnaina, babu wanda ya dace. Ina kwance ina jin Inna tana tambayar nas, "Ɗiyata, halan ba a sayen shi ko Katsina?" Na ji tsoro, tsoro na gaske. Na yi ta kalmar shahada a zuci don kada Inna ta ji.

Abin da ya faru a makaranta, daga baya aka ba ni labari.

Ranar Asabar Hadiza monitarmu ta kwashi 'yan aji suka je wurin Matron, wai a kai su a ɗebi jininsu. Ta ce shekarunsu ba su kai ba, su koma ɗaki. Ta manta da B take magana.

Washegari Lahadin ziyara ce. Wanda bai yi makarantar kwana ba ba zai gane ba. Wata guda kina cin tuwon makaranta kina mafarkin kular abincin gidanku. Ranar ko mara lafiya tashi take.

To, 'yan B suka jeru a bakin get. Duk wadda aka kira sunanta sai ta je ta durƙusa ta gaida iyayenta, ta naɗe hannu a baya.

"Baba, ba ni amsar kular nan sai ka je asibiti an gwada jininka. 'Yar ajinmu ce kwance."

Har Rabi 'yar Yashe, wadda ke lashe murfin kular wasu. An ce ta kalli dambun naman da gwaggonta ta kawo, hawaye na zuba, ta ce, "Gwaggo rufe shi, don Allah rufe shi, ki je ki dawo."

Wani uba ya fusata ya ce, "Mi ke damun yaran nan? Tun daga Kusada na taho da rana." Ɗiyarsa ta ce, "In da ni ce fa, Baba?" Sai ya tada babur ya nufi asibiti.

Yaya Sani ya ce bai taɓa ganin layi irin wannan a ɗakin gwaji ba. Manoma, malamai, direbobi, mata da goyo, ga kuloli jere a baranda ba mai taɓawa.

Mutum biyu suka dace. Gwaggon Rabi, da baban Grace 'yar ajinmu, wanda ke sayar da kayan babur a kasuwar Kankia, daga coci ya wuce ziyara. Da Baba ya riƙe hannunsa zai yi godiya, cewa ya yi, "Alhaji bari. Grace ta ce in ban bayar ba kada in sake zuwa."

A ranar aka shiga da ni. Na farka da ɗinki tun daga cibiya, da ƙishirwar da ba a yarda in kashe ba sai dai a jiƙa mini leɓe. Wankin ciwo kullum safe, sai na ciji zane. Ranar da nas ta ce in taka zuwa ƙofa, na taka da ƙyar, ina cewa hagu, dama a raina.

Yanzu alhamdulillah na koma aji. Faretin bana A ce ta ci, sun kuma ishe mu da gori. Ku riƙe kofinku. Ni na san ajin da nake.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da nas-nas, da iyayen da suka bar abinci ya huce. 'Yan B, ba ni da bakin gode muku. Rabi, bashin dambu na nan, na ji.

Shawarata: zazzaɓin da ya ƙi jin magani, a koma asibiti a yi gwaji, kada a daure kamar ni. A tafasa ruwan sha. Kuma kowa ya je ya san rukunin jininsa tun yana lafiya.

A ziyarar da ta wuce, sau biyu aka kira sunana a get. Na farko Babanmu ne. Na biyu na fita ina mamaki, sai ga baban Grace da kula biyu a hannu.

Ya miƙo mini ɗaya ya ce, "Ke ma za ki ƙi karɓa ne?"

Na karɓa da hannu biyu.