Elkanah Pinnock da Waƙar da Ya Goge

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi marigayi Elkanah Pinnock a shekara ta 1944 a garin Morant Bay da ke gabashin tsibirin Jamaika. Mahaifinsa, Uriah Pinnock, masunci ne, mahaifiyarsa Albertha kuwa ita ke soya kifin da mijinta ya kamo ta sayar a bakin kasuwa. Shi kaɗai ya rayu cikin 'ya'yan da suka haifa, saboda haka ya tashi ba abokin faɗa a gida, ba kuma abokin hira, kuma wannan shiru na ƙuruciya ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

An sa shi makarantar majami'a a 1951, inda malamansa suka shaide shi da ladabi da nauyin baki, amma babu wanda ya taɓa zarginsa da son karatu. A 1958 ya ajiye allo ya kama koyon gyaran rediyo a wurin wani tsoho da ke kusa da tashar mota, kuma a shagon ne ya tsinci wata tsohuwar jita mai kaurin amo, ya gyara ta, ya koya wa kansa kaɗa ta.

Kingston da fara sana'a

A 1962, shekarar da ƙasar ta sami 'yancin kai, ya koma Kingston, babban birnin ƙasar, da jitarsa da akwatin kayan gyara. Ya yi ta bin ƙungiyoyin makaɗa daga otal zuwa gidan rawa, har wani ɗan kasuwa mai suna Mista Yap ya ɗauke shi aiki a situdiyon da ya gina bayan kantinsa. Da farko kiɗa kawai yake yi, amma da aka ga shi ne mai gyara na'ura duk lokacin da ta yi gardama, sai aka damƙa masa kujerar ɗaukar sauti. Lokacin da kiɗan rege ya kankama a ƙarshen shekarun 1960, an riga an san hannunsa a gari.

A jikin na'urar akwai wasu allurai masu rawa da ke nuna ƙarfin sauti, in ya yi yawa su shiga jan layi, kuma muddin ana ɗauka, Elkanah ba ya ɗaga ido daga kansu. Mawaƙi zai zubar da hawaye a gaban makirufo, ya fito ya tambaye shi yadda waƙar ta yi, shi kuwa sai ya ce allura ba ta shiga ja ba. Daga nan makaɗa suka laƙaba masa suna Allura. Wani mai ganga ya taɓa ce masa, “Kai Allura, ko zaginka aka yi a waƙa, in dai sautin ya fita, godiya za ka yi!”

Aure da zuri'a

A 1968 ya auri Icilda Marriott, tela kuma mawaƙiyar majami'a, wadda 'yan unguwa ke kira Mis Icy. Allah ya azurta su da 'ya mace, Delphine, a 1969, sannan namiji, Garnet, a 1971. Maƙwabta sun shaida cewa gidan bai taɓa rabuwa da waƙa ba a waɗannan shekaru, domin Icilda tana ɗinki tana rerawa, tana girka shinkafa da waken ranar Lahadi tana rerawa, mijinta kuwa in ya dawo sai ya zauna a bakin ƙofa ya yi shiru, wanda a wurinsa shi ne matuƙar nuna jin daɗi.

Waƙa ɗaya ta taɓa tsarawa da kanta, ta sa mata suna “Wankin Litinin”, don tunawa da mahaifiyarta da ta ƙare rayuwarta tana wankau a bakin kogi. Ba ta taɓa rera ta a gaban kowa ba, ko a gida, har ranar da ta roƙi mijinta ya ɗauke ta a situdiyo. An yi haka a farkon 1972. Ta tsaya cikin ɗaki ɗaya da makaɗa, ta rera ta tiryan-tiryan a zama guda, da ta dire kuwa mai ganga ya share ido da bayan hannu.

Al'amarin tef

Tef na wancan zamani layi huɗu gare shi, ganguna a ɗaya, jita a ɗaya, kayan busa a ɗaya, murya a na ƙarshe, kuma daga ƙetare ake kawo shi, ba kullum ake samu ba. Al'adar masu sana'ar ce su fitar da kiɗan waƙa zalla, ba murya, su ba masu manyan lasifikoki na dandali, domin mai riƙe da makirufo ya yi ta zuba surutunsa a kai. Elkanah ya yi haka da kiɗan matarsa tun kafin a buga faifanta, kuma a ranar farko da aka sa shi a dandali, jama'a suka hana a cire.

Kashegari wani mawaƙi da tauraronsa ke haskawa ya iso situdiyo yana neman ya ɗora muryarsa a kan kiɗan nan take. Babu sabon tef a kanti, babu kuma layin da ba kowa a kai. Mista Yap yana tsaye yana kaɗa makullai. Elkanah ya danna maɓalli, muryar baƙon ta hau inda ta Icilda take.

Bai ɓoye mata ba, domin bai ga laifi a ciki ba. Ya ce, “Icy, ai kina gida, ba inda za ki. Tef na zuwa sai ki sake.” Ta dakatar da keken ɗinki ta dube shi. Ta ce, “Elka, duk abin da ke cikin tef ɗin nan, ni kaɗai ka ga ana iya gogewa?” Daga nan ta ci gaba da ɗinkinta, kuma tun daga ranar ba a ƙara jin waƙa a gidan ba.

Shahara da rabuwa

Kiɗan ya yi farin jinin da ba a zata ba. Kamar yadda aka saba, mawaƙi bayan mawaƙi ya zo ya ɗora tasa waƙar a kai, wani kan soyayya, wani kan tsadar rayuwa, wani kan harshen maƙwabciyarsa, har sunan Elkanah ya kai London da New York. A 1974 ya bar Mista Yap ya buɗe nasa situdiyon, ya tara tef har ba wurin ajiyewa. Sau da yawa ya gayyaci matarsa ta zo ta sake, ita kuwa kullum amsarta ɗaya, akwai ɗinki a gabanta. Duk kantin da ta wuce, duk motar da ta shiga, kiɗanta take ji da muryar wani ƙato a kai.

A 1976 ta ɗauki yaran ta tafi Birmingham ta Ingila wurin yayarta, ta kama aikin kula da tsofaffi. Ba a yi faɗa ba, ba a raba aure ba, shi da kansa ya ɗauki akwatunanta zuwa filin jirgi. Ya dawo ya tarar da keken ɗinkin an lulluɓe shi da zane, a haka kuma ya bar shi.

Aikin rediyo

A 1979 wani gidan rediyo a Kingston ya ba shi shirin rege na yammacin Lahadi, kuma mutumin da magana ke yi wa wuya a gaban mutane ya zama mai daɗin hira da zarar an rufe shi shi kaɗai da makirufo. Ya fito da matasan mawaƙa da dama, ya kuma yi fice wajen ambaton sunan kowane makaɗi da ya sa hannu a faifai, har masu sauraro suna yi masa tsiya cewa saura mai shara.

Kowane mako da kiɗan “Wankin Litinin” zalla yake rufe shirin. Jama'a sun ɗauka taken shiri ne. Gaskiyar ita ce, wata rana yana sauraron layin ganguna shi kaɗai, ya gano makirufon mai ganga ya kama numfashin da Icilda ta ja kafin ta fara rerawa. Wannan kaɗai ya rage daga muryarta. Ya ɗaga sautinsa ya bar shi a farkon kiɗan, kuma babu abin da yake so a duniya kamar a mayar da waƙar bayan wannan numfashi.

A 1985 ya je Birmingham da tef ɗin a jakarsa. Ta karɓe shi da mutunci, ta dafa masa miyar akuya, ta tambayi lafiyar mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya. Da ya fito da tef ɗin ya ajiye a kan tebur, sai ta ce, “Zan sake rera ta, amma da sharaɗi. Faɗo mini baiti ɗaya daga ciki, ɗaya tak.” Yana iya tuna inda allura ta tsaya a kowace gaɓa ta waƙar, amma ko kalma ɗaya bai riƙe ba, domin ranar da aka ɗauke ta idonsa da hankalinsa suna kan na'ura. Ta ce, “Ci abincinka, Elka, zai huce.”

Shekarun ƙarshe

Icilda ta rasu a Birmingham a 1996. Bayan jana'iza ya tambayi Delphine ko mahaifiyarta ta taɓa koya mata wata waƙa ta wanki. Ta dube shi da mamaki ta ce, “Baba, Mama ai ba ta waƙa. Ko a majami'a baki kawai take motsawa.” Ya nemi makaɗan da suka halarci ɗaukar, ya tarar biyu sun riga mu gidan gaskiya, mai gangar kuwa ya ce abin da ya tuna kawai shi ne ya yi kuka.

Ya ajiye aikin rediyo a 2003 saboda raunin ji, ya rufe situdiyo, ya koma gidan iyayensa a Morant Bay da keken ɗinkin da akwatin tef. An karrama shi da lambar yabo a 2005, ya aika wani ya karɓo masa. Maƙwabtansa sun ce mutum ne mai gaisuwa, marar shiga harkar kowa, kuma sun san kewa na cinsa ko da bai faɗa ba. Kowace Litinin da hantsi sai ya sa kiɗan nan ya kafa kunnensa mai ɗan sauran ji a jikin lasifika.

Rasuwa da jana'iza

Ya rasu ranar 9 ga watan Maris, 2009, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara sittin da biyar. An binne shi kusa da iyayensa a maƙabartar majami'ar garin. Bisa wasiyyarsa, an sa kiɗan zalla a bakin kabari. Mawaƙa da yawa da suka ci abinci da kiɗan sun halarta, har wani ya gyara murya zai ɗora tasa waƙar, mai gangar ya riƙe masa hannu. Da numfashin nan ya fito daga lasifika, Delphine ta damƙi kafaɗar ƙanenta ta ce, “Garnet, Mama ce! Haka take yi in za ta kira mu.” Suka tsaya suna jiran abin da zai biyo baya, kiɗan ya yi ta tafiya har ya ƙare.

Marigayin ya bar 'ya'ya biyu, Delphine, malamar jinya a Birmingham, da Garnet, direban jirgin ƙasa a Toronto, da jikoki biyar. Ya kuma bar kiɗan da aka ɗora wa waƙoƙi masu ɗimbin yawa, waɗanda har yau ake sa su a dandali, ban da wadda aka yi shi dominta.